'Yata ba ta tafiya, hedimasta ya ce makarantarsu ba ta irinta ba ce

Tambaya: Ina da 'ya 'yar shekara 9. Ƙafafunta sun shanye tun tana ƙarama bayan wani zazzaɓi mai zafi, yanzu da rarrafe take zirga-zirga a gida. Kanta kuwa ƙalau, har izu biyu ta haddace daga bakin yayyenta. Na kai ta firamaren unguwarmu, hedimasta ya ce in nemi makarantar naƙasassu, su ba su da yadda za su yi da ita. Mahaifiyata ta ce a bar ta a gida kada yara su mai da ita abin dariya, haka Allah ya ƙaddara. Wani ɗan'uwanmu kuma ya ce in ba shi ita ya tafi da ita Kudu, wai ana samu. Ina jin ana maganar haƙƙin naƙasassu a rediyo. Da gaske akwai doka, ko surutu ne kawai?

Amsa: Malam, Allah ya raya mana ita, ya sanya albarka. Aikina koyar da yara masu naƙasa ne da horar da malaman da za su zauna da su a aji, don haka mutanen nan uku da ka lissafa duk na san su, ko da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Doka akwai ta. Hedimasta ba shi da hurumin mayar da ita gida. Mai zuwa Kudu kuma ko da wasa kada ka miƙa masa ita. Maganar Hajiya mahaifiyarka ce mai buƙatar zama, domin ita kaɗai ce a cikinsu ta yi magana don son yarinyar, amma shawararta ce za ta fi daɗewa tana cutar da ita idan aka bi.

A ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa wariya, wadda majalisar tarayya ta zartar a 2018. An daɗe ana kai ruwa rana kafin nan: majalisun baya sun zartar da irinta, ba a sa hannu ba, alhali tun 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu naƙasa. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne ɓangaren ilimi. Dokar ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin karatu ba tare da wariya ko keɓewa ba, kyauta har ya gama sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya sami horon kula da irin waɗannan ɗalibai. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan 1. Wannan kuma bai hana wanda aka zalunta shigar da ƙarar neman diyya ba. Ta ware wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ce a layi a fara sallamarsu. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara ƙofofi da matakalai yadda mai keke zai shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Ka leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarku ka ga ko an taɓa ko bulo ɗaya.

Kada dai in cika ka da takarda. Wannan doka ta tarayya ce, firamaren unguwarku kuwa a hannun jiha da ƙaramar hukuma take, shi ya sa ake matsa wa jihohi su yi tasu. Filato da Legas sun riga tarayya ma. Kano da Kaduna da Jigawa suna cikin waɗanda suke da tasu. Ko jiharku ba ta yi ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ba ta ce ban da mai rarrafe ba. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, kuma a 2024 aka ba Ayuba Gufwan riƙonta, mutumin Filato da shan inna ya shanye wa ƙafafu, wanda aka sani a Jos da ƙera kekuna yana rabawa. Hukumar tana nan, amma Abuja da nisa. A Maris ɗin 2024 wani gidan abinci a filin jirgin saman Legas ya hana wani mai keke zama a ciki, cikin kwana biyu hukumar filayen jiragen sama ta garƙame wurin. An yi daidai. Sai dai mutumin ɗan tsohon gwamna ne, yana da baki, yana da masu sauraronsa a intanet. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. 'Yarka ba ta da wannan gatan, kai ne za ka tsaya mata, kuma a unguwa za a yi yawancin aikin, ba a kotu ba.

Shi hedimasta ban ɗauke shi mugu ba. Mai yiwuwa yana da aji mai yara ɗari da ɗoriya a hannun malami ɗaya, rabinsu a ƙasa, sai ya hango ƙarin nauyi ya tunkaro shi, ya ture. Amma shawararsa kuskure ce ko a ma'aunin sana'armu. Makarantu na musamman, irin ta makafi da ke Gindiri wadda aka buɗe tun 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, an yi su ne don yaran da hanyar karatunsu ta bambanta: makaho yana buƙatar rubutun da ake shafawa da yatsa, kurma yana buƙatar malami mai maganar hannu. 'Yarka tana gani, tana ji, tana riƙe alƙalami. Allon da ake rubuta wa sauran yara shi za a rubuta mata. Wahalarta tana tsakanin ƙofar gidanku da ƙofar aji, sai kuma bayan gida. Ga shi makarantun nan 'yan ƙalilan ne, galibi na kwana, a wani gari. A raba 'yar shekara 9 da uwarta saboda matakala biyu, ba adalci ba ne.

Ka koma, amma ba kai kaɗai ba, kuma ba da faɗa ba. Ka tafi da mai unguwa ko liman, da shugaban kwamitin iyaye da malamai. Kada ka buɗe baki da maganar tara da ɗauri. Ka roƙi abin da za a iya gamawa cikin mako guda: a sa ta a ajin da ya fi kusa da ƙofar makaranta, a zuba gangara a bakin ajin, a gyara masai ɗaya. Ƙa'idar gangara ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo, wato dakali mai inci 6 yana son gangara mai ƙafa 6. Ka tsaya a kan magini da kanka, domin sun saba yin gajeriya mai tsini wadda ko babur da ƙyar yake hawa, sannan su shafe ta sumul ta yi santsi da damina. A bar ta da kaushi. Faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3. Idan wani a kwamitin ya ce don yarinya ɗaya za a ɓata siminti, a tuna masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa, kusan ɗaya cikin kowane shida, kuma da yawa ba da ita aka haife su ba. Hatsarin babur, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, sanƙarau, tsufa. Malaman makarantar ma wataƙila wani cikinsu ya hau gangarar nan kafin ya yi ritaya.

Masai shi ne abin da ba a faɗa, kuma shi yake fitar da 'yan mata irinta daga makaranta fiye da dariyar yara. Ka san yadda daɓen masai na firamaren gwamnati yake. Yanzu ka ƙaddara da tafin hannu da gwiwa za ka shiga, sannan ka dawo aji ka riƙe littafi. Abin da yaran suke yi shi ne su ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su, su yini a matse, daga baya ciwon mara ya biyo. In ta fara girma ta ga al'ada, sai kawai ta ce ita ba ta son makaranta, a gida kuma a ce ai dama. Gyaran ba tsada: kafinta ko mai walda ya yi kujera mai rami da za a ɗora a kan bakin masai, a kafa ƙarfen dafawa a bango, ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, a sa kwaɗo, makulli ɗaya a wurinta ɗaya a wurin wata malama. A gida ma ka yi mata haka. Yarinyar da take iya zagayawa ba tare da ta kira kowa ba, za ka ga har maganarta ta canja.

Idan duk da haka aka ƙi, sai a koma rubutu. Ka rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka ba hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kwafi, ka sa a buga maka hatimi a kan naka kwafin da kwanan wata. Ma'aikacin gwamnati ya fi tsoron takarda mai hatimi a kan hayaniya, domin hayaniya tana wucewa, takarda tana shiga fayil. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, kuma sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ma tana da ofisoshi a jihohi, ba a biyan ko sisi don kai ƙorafi. A sanina da wuya magana ta wuce teburin sakataren ilimi.

Jikinta kuma, kada a ce an makara. Ban san abin da ya shanye ƙafafun ba, likita ne zai faɗa; zazzaɓi da shanyewa na iya zama shan inna, na iya zama ciwon da ya taɓa laka ko ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma allura ce aka yi ba daidai ba ta taɓa jijiya. Ka kai ta sashen gashin ƙashi na babban asibitin da ya fi kusa da ku, in da hali Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Dalilin gaggawar shi ne yaron da ya daɗe yana rarrafe gwiwoyinsa da ƙugunsa suna ƙagewa a lanƙwashe, kuma gyaran ya fi sauƙi tun ƙashi bai gama ƙwari ba. Wasu da gashi da ƙarfen ƙafa da sanduna suke miƙewa. Wasu keke ne nasu, wannan ma ba faɗuwa ba ce. Sai dai ka yi hattara da keken rabo, irin wanda ake jerawa a gaban 'yan jarida ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya. Yawanci na manya ne, na cikin asibiti, tayarsa ba ta son yashi, kuma yarinya in ta nutse a ciki shekara da shekaru bayanta yana karkacewa. A gwada ta a yi mata daidai jikinta, da matashi mai kyau. Don zuwa makaranta a kan hanyoyinmu, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi. Mutanenmu ne suke ƙera shi. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta yi ƙamari har aka sami sama da yara 1,100 a Najeriya a 2006 kaɗai. Ƙungiyar waɗanda cutar ta shafa a Kano, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi suna da walda da ƙera irin wannan keke, kuma su ne suka riƙa bin unguwanni suna cewa iyaye su dube su, su bari a ɗiga wa 'ya'yansu. Da hannunsu a cikin shelar da aka yi a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Yanzu ga ɗan'uwanka. Dokar 2018 ta ambaci abin da yake shirin yi ƙarara: haramun ne a yi amfani da mai naƙasa wajen bara ko a riƙa yawo da shi don neman sadaka, tarar naira 100,000 ko wata 6 ko duka. Amma ba tsoron doka nake so ya hana ka ba. Na fi so ka ga daga inda tunaninsa ya fito, domin ba shi ya ƙirƙiro shi ba, gadonmu ne gaba ɗaya.

Mu Hausawa ba ma ƙin naƙasasshe. Ba ma jefar da shi, ba ma hana shi tuwo. A masarautunmu akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, Sarkin Bebaye, da rawaninsu da mutanensu, suna sasanta rigima, suna saukar da baƙo, suna tsayawa a yi aure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son masu zuwa daga ofis suna yi masa kallon raini. Aibinmu wani ne daban: mun riga mun zaɓa musu sana'a tun kafin su buɗe baki. Ɗan maƙeri zai iya zama likita ba wanda zai yi mamaki, amma gurgu a wurinmu mabaraci ne sai in ya tabbatar da akasin haka. Abokan aikina masu keke, masu digiri, masu albashi, kusan kowannensu zai ba ka labarin ranar da yake jiran mota a bakin titi ko yake layin banki wani bawan Allah ya ajiye masa naira hamsin a cinya ya wuce yana jin ya sami lada. In ya mayar, a ce girman kai. Ka duba masallacin Juma'arku: an ƙawata shi da matakalai da tayil mai sheƙi, masu keke suna waje a bakin ƙofa da kwano. Mun tanadar musu wurin karɓa, ba mu tanadar musu wurin shiga sahu ba, kuma ba mugunta ce ta sa ba, ko a ranmu bai zo ba cewa su ma salla suka zo.

Tausayin nan yana da daɗi ga mai bayarwa, domin ba ya neman komai daga gare shi sai canji. Ba ya tilasta masa ya ɗauki makaho aiki a shagonsa, ko ya ba kurma 'yarsa, ko ya gyara dakalinsa. Shi ya sa masu naƙasar da suka waye suke cewa naƙasa ba kasawa ba ce, a ba su haƙƙinsu a riƙe sadakar. Gwamnatoci kuma sai su zo ta ɗaya gefen da sanda. Kano ta haramta barar titi a 2013, Kaduna a 2015, inda mabarata suka fito suka nuna ƙin amincewa. Ina goyon bayan a daina bara, amma ba na ganin adalci a rufe wa mutum ƙofa ɗaya tilo da muka bar masa alhali makaranta ta kore shi yana yaro, kasuwa ba ta san da shi ba yana babba.

"Ana samu" ɗin ma gaskiya ne, ana samu. Wanda ya je Sabo a Ibadan ko Ebute Metta a Legas ya ga mutanenmu. Tambayar ita ce wa yake samu. Yarinya tana yini a rana a bakin gada, wanda ya kai ta yana irga kuɗi da yamma. Tana da shekara 9 yanzu, nan da shekara huɗu budurwa ce da ba ta iya gudu, a garin da ba uwa ba uba. Ba sai na ƙarasa maka ba. Bara kuma ba mutum ɗaya take ci ba: ɗan jagoran makaho da yaron da ke tura keke, su ma lafiyarsu ƙalau amma sun rasa makaranta. Ka gode masa cikin mutunci, ka ce a'a, kuma ka sanar da mahaifiyar yarinyar da yayyenta cewa ba wanda zai fita da ita ko'ina sai da saninka.

Hajiya kuwa ba a yi mata gardama, kuma kada ka kai mata lambar sashen doka. Tsoronta gaskiya ne. Yara za su kalla, wasu za su yi dariya, wani zai kwaikwayi rarrafenta. Abin da na gani a aji shi ne wannan ba ya daɗewa in malami ya tsaya: ya gabatar da ita da sunanta ranar farko, ya hukunta mai tsokana kamar yadda zai hukunta mai satar fensir, ya kuma yi mata tambaya a aji kamar kowa. Kafin zangon ya ƙare rigimar yaran ta koma wa zai tura keken. Manya ne suka fi wuyar sha'ani, masu tsayawa a kanta su ce "Allah sarki, ga ta kyakkyawa" tana ji.

Maganar ƙaddara kuma, mun yi imani. Amma ƙafafun ne aka ƙaddara, zaman ɗaki mu ne za mu zaɓa. Ka nemi malamin da Hajiya take ganin girmansa ya tuna mata abin da ta riga ta sani. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma neman karatu ya kawo shi wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ranar da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan lamarinsa. Bayan nan ya zama ladan, kuma ba sau ɗaya ba aka bar masa Madina yana jan salla in an fita. Wanda ya fi kama da gidanku shi ne Amru ɗan Jamuh, mai ɗingishi sosai. Ranar Uhudu 'ya'yansa suka so hana shi fita, don ƙauna, suna cewa Allah ya ɗauke masa. Ya kai ƙara. Manzon Allah ya tabbatar masa cewa ba wajibi ba ne a kansa, sannan ya ce wa 'ya'yan kada su hana shi. Rangwamen da shari'a ta yi wa mai naƙasa nasa ne, shi zai ɗauka in ya so, ba hujja ba ce a hannun danginsa ta tsare shi. A zamaninmu Shaihu Abdul'aziz bin Baz makaho ne ya riƙe muƙamin babban mai fatawa na Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999. A nan gida Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, waƙoƙinsa na wa'azi har jami'a ake nazarinsu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Akwai kuma tambayar da na ga tana motsa kakanni fiye da kowace hujja, ka yi mata ita a hankali: Inna, bayan ranki da nawa, wa zai riƙe ta? Yarinyar da aka ɓoye don ƙauna tana tashi ba karatu, ba sana'a, ba ƙawaye, ba wanda ya san ta a unguwa. Ranar da iyaye suka kau sai ta koma ɗakin matar yayanta, cin ta da shan ta sai yadda aka ga dama. Gadonta, wanda Allah ya yanka mata cikakke kamar na kowace 'ya, sai a ce "a riƙe mata", riƙon da ba ya ƙarewa. Aure ma gaskiya ya fi yi wa mace mai naƙasa wuya fiye da namiji, sau da yawa sai wanda zai ɗauke ta yana gori cewa taimako ya yi. Wadda take da takardar malanta ko keken ɗinki da masu kawo mata aiki, ita take zaɓa, in zama ya ƙi kuma tana da inda za ta dafa.

A cikin gida ma akwai gyara, kuma ba ya cin kuɗi. Sunanta na yanka za a riƙa kira, a gida da waje. Wanda ya ce "gurguwar gidan wane" a gyara masa nan take, Suratul Hujurat ta hana jifa da laƙabi. A ba ta aiki kamar 'yan'uwanta, tsintar shinkafa, yankan kuɓewa, ninke kaya, lissafin kuɗin cefane. In ta yi laifi a yi mata faɗa. Yaron da ba a taɓa yi wa faɗa ba ya san an cire shi daga lissafi. Kada a sure ta kamar kaya ba a tambaye ta ba, musamman yanzu da take girma, kuma mata su riƙa taimaka mata da abin da ya shafi jikinta. In baƙo ya tambaye ka me take so, ka ce ga ta nan, tambaye ta. Biki, suna, Islamiyya, idi, a tafi da ita.

Za ka ji ana ba da misali da 'yan wasanmu, kuma abin alfahari ne: a wasannin Olamfik na Landan a 2012 tawagar Najeriya ta masu lafiyar jiki ta dawo ba lamba ko ɗaya, ta masu naƙasa ta dawo da 13, shida na zinariya, a Faris a 2024 aka maimaita, masu lafiyar jiki babu, masu naƙasa 7. Ni dai ina ɗari-ɗari da irin wannan misali a gaban yara, domin yana sa a ɗauka sai mai naƙasa ya zama gwarzo kafin ya cancanci kujera. Ɗan maƙwabcinka da yake zuwa na talatin a aji ba wanda ya ce ya kawo zinariya kafin a rubuta sunansa. Ita ma tana da damar ta zama ɗaliba matsakaiciya, ta faɗi lissafi, ta gyara.

Ranar da za ku koma, ka riƙe takardar haihuwarta da katin asibiti in akwai. Tunda shekarunta 9 kuma ta saba da hadda, ka nemi a gwada ta kafin a yanke ajin da za a sa ta; zama da 'yan shekara 6 yana karya gwiwar yaro, sau da yawa aji biyu ko uku ya fi, tare da wani ya riƙa bi mata baƙaƙen boko da yamma na 'yan watanni. A zaunar da ita a layin gaba kusa da ƙofa, a kan benci tare da wasu, ba ita kaɗai a gefe ba. Ku tsara wanda zai raka ta da safe da wanda zai dawo da ita, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin yayyenta don kada ɗaya ya riƙa makara kullum, kuma tun yanzu ka bi hanyar da ƙafarka ka ga inda ruwa yake kwanciya da damina da kwatar da sai an ɗora mata katako.